Sharhi kan aikin gidan bonsai da ya dasa mini ƙaramar mapul a jikin dutse

Shekara shida ke nan ina renon wata ƙaramar bishiyar mapul irin ta Japan, wadda masana tsirrai ke kira Acer palmatum, kuma a duk tsawon wannan lokaci zamanta a cikin kasko bai taɓa kwanta mini a rai ba. Tsayinta santimita 18 ne, wato a cikin bonsai, bishiyoyin da ake reno ana datse su don su zauna ƙanana, tana rukunin ƙananan da ake kira shohin, ganyenta kuma masu yatsu biyar ne, ƙanana, kamar yadda ake so. Matsalar tana gindinta. Saiwoyin duk sun tattaru a gefe guda, kututturen ya karkata zuwa hagu, ɗaya gefen kuwa babu ko reshe ɗaya mai ƙwari. Wanda ya san bonsai ya san cewa ido yakan fara sauka ne a kan yadda saiwoyi suka bazu a kewayen gindi, saboda haka duk yadda na juya kaskon sai aibin ya fito fili. Wannan ne ya sa na kai ta wani gidan renon bonsai da ke karɓar aikin sake fasalin bishiya, na roƙi a dasa ta a kan dutse.

Abin da ya fara burge ni shi ne malamin wurin ya ƙi karɓar aikin a ranar da na je. Lokacin kaka ne, ganye ya fara canza launi, sai ya ce mini in koma da ita, in dawo a ƙarshen sanyi, daidai lokacin da idanun toho suka kumbura amma ganye bai buɗe ba. Dalilinsa shi ne a wannan ɗan tsakanin ne bishiyar ke da ƙarfin fitar da sababbin saiwoyi a madadin waɗanda aka yanke, alhali idan aka taɓa su a kaka za ta shiga sanyi da rauni a jiki. Na ji wannan a matsayin alamar mutum mai kishin sana'arsa, domin da ya so da ya karɓa a take.

A zama na biyu ya tambaye ni wane irin dashe nake nufi, tunda hanyoyin biyu ne kuma mutane da yawa suna haɗa su. Akwai wadda Japanawa ke kira sekijoju, inda saiwoyi ke rungumar dutsen su gangara har cikin ƙasar kasko, akwai kuma ishitsuki, inda bishiyar ke rayuwa gaba ɗaya a jikin dutsen, ba ta da wata ƙasa sai wadda aka liƙa mata a cikin rami ko tsaga. Ya bayyana mini cewa hanya ta farko ta fi dacewa da mapul mai yatsu uku, Acer buergerianum, wadda asalinta gabashin ƙasar Sin ne da Taiwan, saboda saiwoyinta suna saurin kauri suna mannewa da dutse, kuma ko ita sai an binne dutsen na wasu shekaru kafin a tone. Tawa kuwa, in ji shi, ishitsuki ce ta dace da ita, domin gefen da ba shi da saiwa ko reshe zai jingina da dutsen ya ɓuya, karkatar kututturen kuma ta zama kamar ta bishiyar da ta tsiro a bakin tsauni tana leƙen haske. A nan ne na gane ƙwarewarsa: bai yi ƙoƙarin gyara aibin ba, sai ya nemo wa bishiyar wurin da aibin ya zama halitta.

Na tafi da burin samun dutsen Ibigawa, wanda ake samowa daga yankin kogin Ibi da ke lardin Gifu na Japan, amma ya ba ni shawarar wani baƙin dutsen aman wuta mai tsayin santimita 30, mai yawan ƙananan ramuka da ke riƙe danshi. Ya daɗe yana jujjuya shi a kan tebur kafin ya tsayar da fuskarsa, sa'an nan ya zaɓi wani kwarmi da ke sama da tsakiya kaɗan, ya guji ƙololuwa, domin bishiyar da aka ɗora a can sama takan yi kama da abin da aka ajiye da hannu.

Aikin kansa na tsaya na gani da idona, kuma ba ni da abin kushewa a cikinsa. Tun kwana ɗaya kafin zuwana ya huda dutsen a wuri huɗu, ya kafa wayoyin alminiyam da gam mai ƙarfi domin su bushe sosai. Ya zare bishiyar daga kasko, ya tsefe saiwoyin da tsinken gora a hankali daga gindi zuwa waje, yana fesa musu ruwa kowane ɗan lokaci don kada iska ta busar da masu laushin. Daga nan ya kwaɓa keto, wata baƙar laka mai danƙo da ke samuwa daga ruɓaɓɓun ciyayin fadama, ya haɗa ta da garin akadama, wata ƙasa mai ƙwaya-ƙwaya ta Japan da ake dasa bonsai a ciki, da yankakken busasshen gansakuka mai dogon zare, har ta yi laushi tana naɗuwa a hannu ba ta tsagewa. Ya shafa siririn shimfiɗi a cikin kwarmin, ya zaunar da bishiyar, ya baje saiwoyin suna bin tsagogin dutsen zuwa ƙasa, ya ɗaure su da wayoyin bayan ya sa guntun roba a ƙarƙashi don kada wayar ta ci ɓawo. Da sauran keton ya gina ɗan bango a bakin kwarmin, ya cika ciki da ƙwayoyin akadama domin saiwa ta sami iska, ya rufe komai da ɗanyen gansakuka wanda ya kafe da lanƙwasassun guntayen waya. Wani reshe mai kauri da na so a cire ya ce a bar shi tukuna, saboda mapul takan zubar da ruwan jikinta sosai idan aka yi mata babban yanka a wannan lokaci.

Inda gidan ya gaza shi ne bayanin kulawa bayan aiki, kuma wannan gazawa ba ƙarama ba ce. Takardar da aka ba ni ta ce a riƙa ba da ruwa sau ɗaya a rana kamar sauran bonsai, alhali bishiyar da ke jikin dutse tana da ƙasar da ba ta kai rabin ta kasko ba, iska na bugun ta ta kowane gefe, dutsen kuma yana ɗaukar zafin rana ya riƙe. Da zafi ya shigo, cikin mako guda gansakukan ya yi fari, bangon keto ya tsage a wuri biyu, bakin ganyen ya ƙone ya murɗe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ina zuba ruwa yana zamewa ta sama yana gangarawa, domin keto idan ta bushe ƙarau ba ta saurin shan ruwa. Haka kuma ba a gargaɗe ni ba cewa wayar da aka naɗa a rassa biyu don daidaita fasalinsu za ta iya nutsewa cikin ɓawo a 'yan makonni, ga shi ɓawon mapul siriri ne mai santsi wanda tabo ke daɗewa a jikinsa. Ɗaya daga cikin rassan yana ɗauke da wannan tabo har yanzu.

Da na koma da ƙorafina malamin bai yi musu ba. Ya jiƙa dutsen a cikin ruwa har keton ta yi laushi, ya toshe tsagogin, ya sake shimfiɗa gansakuka, sa'an nan ya ce in ɗora dutsen a kan faffaɗan farantin da ba shi da huda, wanda ake kira suiban, in zuba yashi mai danshi a ciki, in ajiye bishiyar inda rana ta safe kawai ke kaiwa, in kuma duba ta sau biyu ko uku a ranakun zafi. Ya ƙara da cewa idan sanyi ya tsananta dole a kare ta daga ƙanƙara fiye da bishiyar kasko, tunda saiwoyinta na kusa da waje, amma kada a shigar da ita ɗaki mai ɗumi, domin mapul tana bukatar hutun sanyi kafin ta sake toho. Duk wannan bayani ne da ya kamata ya kasance a rubuce tun ranar farko.

Zan iya tura mai irin bishiyata zuwa wannan gida ba tare da fargaba ba, muddin zai zauna ya tambayi batun ruwa dalla-dalla kafin ya fita, kuma muddin yana da halin duba bishiyarsa da rana tsaka. Wanda yake yini a waje ko yake yawan tafiya, gara ya bar tasa a kasko. Tawa ta sake fitar da ganye bayan ƙunar, a kakar da ta biyo baya ta yi ja sosai a jikin baƙin dutsen, kuma da na ɗaga gefen gansakukan na ga saiwoyi biyu sun kama wata tsaga suna gangarawa da kansu. Reshen nan mai kauri yana nan, mun yi da malamin zai cire shi bayan ganyen bana ya yi ƙwari.