Hattara da mai tallar rumfar tamfol "mara tsatsa"

Assalamu alaikum 'yan uwa dillalan taki da masu kiwon kaji. Akwai wani mutum da ke talla a Facebook da WhatsApp, yana kafa manyan rumfunan nan na tamfol masu ginshiƙan ƙarfe, yana rantsuwa cewa ƙarfensa galbanaiz ne, ba ya tsatsa. Ni dai ya cuce ni, ba na so ya samu wani.

Bara ya kafa mini ɗaya a Funtuwa don ajiye yuriya da NPK. Damina ɗaya tak, duk inda aka yi walda ya yi jawur, gindin ginshiƙan yana ɓarewa kamar ɓawon itace. Kaushin tsatsar ya yi ta gogar tamfol ɗin idan iska ta taso har ya huje, ruwa ya sauka kan buhuna. Mai waldar da na ɗauko ya goga tina, ruwan nan mai narkar da fenti, a jikin bututun ginshiƙin, sai ga launin azurfar ya biyo tsumma. Ashe baƙin ƙarfe ne aka fesa wa fenti.

Da gaskiya guda yake yaudarar mutane: tamfol ba ya tsatsa. To amma ƙarfe ne ke ɗauke da shi. Taki yana jan danshi, fotash ɗin da ke cikin NPK yana cin ƙarfe kamar gishiri, haka ma iskar amoniya da ke tashi daga kashin kaji.

Galbanaiz na ƙwarai, sai an gama yanka da walda ake tsoma ƙarfen dungurungum cikin narkakkiyar tutiya, wato zinki, mai zafin kusan digiri 450, ta rufe ciki da waje. Shi ya sa za ka ga 'yan ramuka a jikin bututun, na fitar iska lokacin tsomawa. Nawa babu rami ko ɗaya. Ƙa'idar aikin galbanaiz ta duniya, ISO 1461, ta ce ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa 6 ya samu rufin tutiya mai kaurin maikron 70 (maikron dubu ne ke yin milimita ɗaya), kuma akwai ƙaramar na'urar da ke auna shi nan take.

Don Allah kada ka ba da kafin alƙalami sai ka haska tocila cikin bututun ka ga ko tutiya ta rufe ciki, ka kankare wurin walda da wuƙa, mai rumfar kuma ya rubuta maka kaurin rufin tutiyar a rasit. Da na nemi mutumin ya zo ya ga tsatsar, sai ya ce laifin takina ne. Washegari layinsa a kashe, shafin kuma ya canza suna, amma hotunan rumfunan su ne dai.