Allon zane mai sikirin ko mara sikirin: wanne ya fi dacewa da zanen duniyar almara?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaye ni wane allon zane za ka saya, wato allon da ake haɗawa da kwamfuta a yi zane a kansa da alƙalami: mai sikirin ko mara sikirin. Tunda tsaunuka da kwazazzabai da kufan biranen almara kake son zanawa, irin waɗanda ake sakawa a ArtStation, shafin intanet da masu zane ke baje aikinsu, kuma kuɗinka ko dai su tafi gaba ɗaya a ƙaramin allo mai sikirin ko su sayi mara sikirin a ba ka canji, to ka ɗauki mara sikirin. Matsakaici za ka saya, wanda filin zanensa ya kai inci 10 a kwance da inci 6 da ɗoriya a tsaye. Canjin kuma ka ƙara wa kwamfutarka RAM, wato ma'adanar da take riƙe aikin da take kai, ko ka tara ka sayi monita mai kyau.

Wanda nake aiki da shi Deco 01 V2 ne na XP-Pen. Shekararsa huɗu a kan teburina, tsakiyarsa har ya yi sulɓi yana sheƙi saboda gogar alƙalami, amma layin da yake ja yau bai bambanta da na ranar da na ɓare kwalinsa ba. Tsinin alƙalami kaɗai nake canza masa. Filinsa inci 10 da 6.25, yana gane matakan dannawa 8192, yana gane karkatar alƙalami har digiri 60, kuma alƙalamin ba ya cin batir ba ya son caji. H610 Pro V2 na Huion girmansu ɗaya, aikinsu kusan ɗaya. Intuos matsakaici na Wacom, kamfanin Japan ɗin da ya daɗe a wannan harka tun 1983, filinsa milimita 216 da 135 ne, matakansa 4096, ba ya gane karkata, kuma ya fi su tsada, sai dai direbansa, wato manhajar da ke haɗa allon da kwamfuta, na da kwanciyar hankali. Kada lambar 8192 ta ruɗe ka, hannun mutum ba ya rabe ta da 4096. Abin da za ka duba shi ne yadda alƙalamin ke kama taɓawa mai sauƙi sosai. Gajimare da hazo da hasken da ke ratsowa ta bayan dutse duk da hannu sakayau ake yin su. Alƙalamin da sai an danne shi kafin ya fitar da launi zai mayar maka da gajimare kamar curin tuwo.

Ƙananan masu inci 6 da 4 ka bar su, sai in laftof ɗinka ƙarama ce kuma ba yadda za ka yi. Motsi kaɗan a kansu tafiya ce mai nisa a kan monita, sai hannu ya koma zane da yatsu maimakon gwiwar hannu, kuma doron tsauni mai tsawo ba ya fita da yatsu.

Dalilin da ya sa na dage kan mara sikirin yana cikin irin zanen da kake so. Zanen fuska ko na labari cikin hotuna aikin layi ne, ido na son ya ga inda tsinin yake sauka daidai. Zanen shimfiɗar ƙasa aikin manyan siffofi ne da haske da duhu. Duba aikin Andreas Rocha na ƙasar Fotugal, ko na Craig Mullins wanda yana cikin waɗanda suka fara ɗaukar zane da kwamfuta a matsayin sana'a, ko darussan Feng Zhu da ke YouTube. Za ka ga kafin a je ga taga ko ganye ana fara rarraba hoton gida uku: na gaba mai duhu, na tsakiya madaidaici, na nesa mai haske wanda launinsa ya kusa narkewa cikin sama. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya taɓa hango dutsen Kufena a Zariya ko na Kwatarkwashi da safiyar hunturu ya ga yadda hazo ke shanye launin dutse, bishiyar kusa ta yi baƙi ƙirin, ta nesa ta koma toka-toka. Wannan rabon shi ke sa mai kallo ya ji faɗin wuri, kuma ba ka iya auna shi sai kana ganin hoton gaba ɗaya a lokaci guda, daga ɗan nesa. Da allo mara sikirin, hannunka na ƙasa, idonka na kan monita a tsaye, babu abin da ya kare maka komai. Da mai sikirin, tafin hannunka da damtsenka sun rufe wani sashe na hoton, fuskarka na dab da gilashi, sai ka tsinci kanka kana ƙawata duwatsun kusurwa ɗaya alhali tsarin hoton bai zauna ba.

Ga kuma lissafin fili. Sikirin mai inci 13.3 faɗinsa kusan milimita 294 ne, tsayinsa 165. Idan manhajojin zane irin Krita ko Photoshop suka jera akwatunan launi da burushi da leya (shimfiɗun hoto da ake ɗora wani kan wani) a gefe, abin da ya rage maka na zane bai kai filin allon inci 10 ba, wanda shi ne milimita 254 da 159. Yawancin ƙananan nan fiksel 1920 da 1080 ne, wato daidai da laftof ɗin da ke gabanka. Ka ninka kuɗi sau uku ko huɗu ka sayi sikirin da bai fi wanda kake da shi girma ba.

Na taɓa sayen mai sikirin ɗan inci 12, yana cikin kwalinsa har yanzu. Ba zan hana shi haƙƙinsa ba: ranar farko za ka iya zane a kansa ba tare da koyo ba, kuma ga mai jan layi ko rubutun ƙawa yana da daɗi. Manyansa masu inci 22 ko 24 da ake gani a ɗakunan ƙwararru wani zance ne daban, kuɗinsu ma daban. Amma ƙaramin ba kwamfuta ba ne, sikirin ne kawai na biyu. Yana son kebul mai kai uku, ɗaya HDMI, ɗaya USB, ɗaya na wuta, ko kuma USB-C mai iya fitar da hoto, wanda ba kowace laftof ke da shi ba ko da ramin ya yi kama. In aka ɗauke wuta batirin laftof zai ɗauki nauyin sikirin biyu. Yana ɗumi a hannu lokacin bazara, ƙurar hunturu in ta shiga tsakanin tsini da gilashi tana barin zane, ga sunkuyo na awanni da ke gajiyar da wuya. A masu arha da gilashinsu bai manne da sikirin ba, akwai 'yar tazara tsakanin tsinin da inda launi ke fita, musamman a gefe-gefe. Mara sikirin kuwa waya ɗaya ce, wutar da yake ja kaɗan ce, kuma da yawansu na aiki da wayar Android ta hanyar OTG, ɗan mahaɗin da ke shigar da kebul ɗin USB a waya, idan kana amfani da manhajar zane ta ibisPaint.

Wahalar mara sikirin guda ɗaya ce, a farko take: hannu na wani wuri, ido na wani wuri. Mako ɗaya zuwa biyu ya ishe ka in ka ajiye linzamin kwamfuta gaba ɗaya, ka riƙa buɗe komai da alƙalami. Kullum ka ba minti 15 ga ɗiga ɗigo biyu kana haɗa su da layi ɗaya, sannan da'ira, sannan layi mai farawa siriri ya ƙare da kauri. Ka ajiye allon daidai gaban monita, kada ya karkace, in ba haka ba duk layin da ka ja a tsaye zai jirkice.

Abubuwa uku ne ke sa sabon mai saye ya zaci allonsa ya lalace. Na farko, tsohon direban wani kamfani da ke cikin kwamfuta. Ka cire shi, ka kashe ka kunna, sannan ka sauke sabon daga shafin kamfanin da kansa. Na biyu, alƙalami na zane amma kauri ba ya canzawa; a Windows wannan yawanci saɓani ne tsakanin WinTab da Windows Ink, hanyoyi biyu da kwamfuta ke karanta alƙalami, ka shiga saitin allo a Krita ka sauya daga ɗaya zuwa ɗaya, ka tabbatar zaɓin ya yi daidai da na direba, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Na uku, ka zana da'ira ta fito kamar ƙwai. Saboda allon 16:10 ne monitarka 16:9, sai ka kunna zaɓin daidaita ma'auni a direba, zai yanke ɗan siririn fili a ƙasa, komai ya dawo daidai.

Batun RAM ba wasa na faɗa ba. Hoto mai fiksel 6000 da 3000, kowace leya cikakkiya tana cin kusan megabait 72. Leya 30 sun haura gigabait 2, ban da ajiyar da manhajar ke yi don ka iya warware kuskure ka koma baya, da abin da Windows ke ci. Kwamfuta mai gigabait 4 za ta riƙa jan ƙafa, burushi na bin alƙalami a baya, kai kuma ka ɗora wa allon laifi. Gigabait 8 za su yi, 16 sun fi. Ka fara da ƙananan gwaje-gwaje shida ko takwas a shafi ɗaya, baƙi da fari zalla, kowanne minti 10, ka zaɓi ɗaya ka faɗaɗa shi zuwa 4000 da 2000. A Krita maɓallin Tab na ɓoye duk akwatuna ya bar maka hoton kaɗai, M kuma na juya shi kamar madubi, nan take za ka ga hasumiyar da ta jingina ba ka sani ba. Krita kyauta ce, Blender, manhajar ƙera siffofi na 3D, ma kyauta ce in kana son gina siffar birni kafin ka shafa masa launi.

Idan ka zo sakawa, ka fitar da hoton a tsarin launi na sRGB, ka tura shi wayoyi biyu daban ka duba kafin kowa ya gani. Sikirin laftof mai arha yakan kashe launi, sai ka yi ta ƙarawa, hoton ya fito a wayar mutane ja wur kamar an zuba manja. ArtStation, wanda aka buɗe a 2014 kuma Epic Games ta saya a 2021, nan ne masu ɗaukar aiki a harkar wasannin kwamfuta da fina-finai ke leƙawa, kuma yana nuna hoto da girmansa. Amma ɗan hoton da ake fara gani murabba'i ne, don haka ka zaɓi yankin da ya fi ɗaukar ido da kanka. Shafin DeviantArt ya girme shi, tun 2000 yake, can an fi samun masu koyo. Instagram ya fi son hoto a tsaye, 1080 da 1350, hoto mai faɗi yana ƙanƙancewa a can. Dabarar ita ce ka shirya shi 2160 da 1350 ka raba biyu, mai kallo ya ja ya ga ci gaban. A WhatsApp ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba hazon da ka sha wahala a kansa zai koma layi-layi. Kuma don Allah in aikin wani ya burge ka ka yaɗa, ka rubuta sunansa, kada ka yanke sa hannunsa. Tun zanga-zangar da masu zane suka yi a ArtStation a Disambar 2022 kan hotunan ƙirƙirarriyar basira, mutane sun ƙara sa ido. Ka riƙa haɗawa da gwajin farko da matakan aikinka, su ne shaidarka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai mai nuna maka allon rubutun yara, wanda ake gogewa da maɓalli ɗaya, ya ce allon zane ne. Wannan ba ya haɗuwa da kwamfuta sam. Akwai mai rantse maka cewa mai sikirin ba ya buƙatar kwamfuta. A kayan hannu an fi cuta ta wajen alƙalami: a haɗa maka da na wani samfuri, alhali alƙalamin wani kamfani ba ya aiki a allon wani, wani lokaci ko kamfani ɗaya ne in samfurin ya bambanta. Wasu tsofaffin samfura alƙalaminsu na caji ne, a sayar maka a matsayin sabon fita. In ka ga ramin caji a gindinsa ka san me ka riƙe. Hotunan tsaunuka masu kyau da suke lika wa talla yawanci aikin wasu ne aka kwaso, ba su nuna ingancin kayan. Wanda ya ce ka ƙara kuɗi ya zuba maka Photoshop a filashi, ka ce ka gode. Fasasshiyar manhaja ce, da ita ƙwayoyin cuta ke shiga kwamfuta.

Kada ka tura kuɗi kafin ka gani. Ka tafi da laftof ɗinka da direba da Krita a ciki. Ka juya allon ka karanta lambar samfurin a bayansa, ka gwada ta da ta jikin kwali. Ka ɗora rula ka ja layi a karkace a hankali, in ya fito yana rawa kamar tafiyar maciji ka ajiye. Ka ja wani daga taɓawa mafi sauƙi zuwa dannawa sosai, kaurin ya hau a hankali ba tsalle. Ka cika filin da layuka daga kusurwa zuwa kusurwa don gano inda ya mutu. Ka ɗan girgiza wayar a bakin raminta kana zane, in ya yanke to ramin ya saki. Sannan ka ƙirga tsinin canji da ke cikin kwalin, ka tabbatar ɗan zoben ƙarfen da ake zare tsini da shi yana nan, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar kayan.