Na kai Patrol ɗina daino a Sana'iyyar Jidda

Injin TB48 na Nissan Patrol, mai lita 4.8 da silinda shida a jere, ba da turbo ya fito daga kamfani ba. Mu ne muke ɗora masa, kuma daga ranar da ka ɗora, lissafin mai da wuta na asali ya tashi daga aiki. Tawa na sa mata turbo da manyan nozul da kwamfutar Haltech. Tana tafiya, amma tana zuƙar mai, salansa na fesa baƙin hayaƙi. Shi ya sa na kai ta barmaja, wato sake saita kwamfutar injin, a wata warsha (garejin gyara) da ke Sana'iyya, unguwar masu gyaran mota.

Muhandisin, wato injiniyan wurin, Bahaushe ne haifaffen Makka. Bai yarda a hau da ita kan daino, na'urar auna ƙarfin mota, ba sai da ya kwance fulogai, ya auna matsin kowace silinda, ya gwada famfon mai. Sannan aka ɗaure ta tamau, tayoyi kan rola, ƙatuwar fanka a gabanta.

Tambayarsa ta farko kan mai ce: fetur mai lambar inganci (okten) 91 ko 95? Na ce 95. Ya ce to, daga yau ko a mafarki kada 91 ya shiga tankin, don wutar da zai saita ta 95 ce, ƙaramin mai zai sa injin ya riƙa ƙwanƙwasa har fistin ya tsage. Cakuɗin iska da mai ya bar shi kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai in mota na tsaye, amma da turbo ya cika sai ya sauke shi wajen 11.5, ƙarin man na sanyaya silinda.

A nan na gane kuɗina bai tafi banza ba. Jan farko lambar ƙarfin doki ta yi kyau. Da aka maimaita, na'urar sanyaya iskar turbo ta ɗau zafi, lambar ta sauka. Na nemi ya ƙara matsin turbo, sai ya dube ni ya ce, "Alhaji, takarda kake so ko mota?" Ya tsayar da matsin a 0.7 na ma'aunin bar, ya kuma saita kwamfutar ta ja wuta baya da kanta in iska ta yi zafi. Duk wanda ya san ranar Jidda a watan Agusta ba zai yi masa gardama ba. Masu yawo da takardar ƙarfin doki a istiraha, wato wurin hutu da hira, kuma su sani, daino ƙirar Dynojet kan nuna lamba sama da ƙirar Mustang a mota guda.

Na gwada ta a hawan Hada zuwa Ɗa'if. Ja take yi sumul daga ƙasa, allurar zafi ba ta motsa ba, hayaƙin nan ya ɗauke. Gudu dai ban yi ba, kyamarorin Sahir masu kama gudu ba su san barmaja ba.

Inda suka gaza: ba su saita ta da na'urar sanyaya ɗaki a kunne ba, sai ga injin yana neman mutuwa a danja. Sun gyara kyauta, amma a garin nan da wannan ya kamata a fara. Kuɗin ma da awa suke lissafi, ba kuma sa faɗa sai ka tambaya.

Zan koma wurinsu. Wanda zai je ya cika tanki da 95, ya sa sabbin fulogai, ya tabbatar kulocinsa zai ɗauki ƙarin ƙarfin, sannan ya tambayi yadda gyare-gyarensa za su kaya a fahas dauri, binciken lafiyar mota na hukuma, kafin ya biya ko riyal ɗaya.