Hattara da fawa bank mai "50,000mAh" da ake kawowa har ƙofar gida a Abuja

Assalamu alaikum jama'ar Abuja da kewaye, musamman mutanen Kubwa, Lugbe, Nyanya da Mararaba. Akwai wani talla da ke yawo a Facebook da TikTok, har da sitatus na WhatsApp, na fawa bank mai gilashin sola a baya da tocila a gefe. An rubuta 50,000mAh a jikinsa, wani ma 100,000mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka). Kuɗinsa bai kai na ɗan ƙaramin fawa bank na kirki ba, kuma sai a ce maka ba ka biyan ko sisi sai kaya ya iso hannunka ka gwada. Don Allah kada ku saya. Wanda ya riga ya saya kuma ya daure ya karanta, don maganar ta wuce asarar kuɗi.

Ba na ganin laifin masu saye. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kunna janareta ya zama sai wane da wane, ga wuta yau akwai gobe babu, a 2024 kaɗai babban layin lantarki na ƙasa ya faɗi sau da dama. Mai POS, da mai sayar da kaya ta WhatsApp, da direban tasi mai karɓar fasinja ta manhaja, duk idan waya ta mutu kasuwa ta tashi. Wanda ke cikin wannan hali aka ce masa ga abin da zai riƙe masa waya mako guda, kuma rana ce za ta caza shi kyauta, ai dole ya saurara.

Ga yadda suke yi. Za ka taɓa tallan, ya kai ka inda za ka rubuta suna da lambar waya da unguwa. Ba a jima ba wata za ta kira ka da ladabi, "Ranka ya daɗe, mun ga odarka, gobe kana gida?" Washegari mai babur ɗan aike ya iso da kwali a naɗe cikin leda. Shi da kansa zai ce ka buɗe ka gwada. Ka danna maɓalli, lamba 100 ta fito a ɗan allon. Ka jona wayarka, alamar caji ta bayyana. Ka kunna tocila, ta haska. Shi kuma yana kan babur bai ko kashe inji ba, yana ta duba agogo, wai sauran saƙonni na jiransa a Gwarinpa. Sai ka yi tiransifa zuwa asusun da sunansa daban da na shafin da ka ga tallan. Babu rasit, babu adireshin shago, kuma shi ɗan aiken sau da yawa bai san abin da ke cikin kwalin ba, kuɗin kai saƙo kawai aka biya shi.

Wannan gwaji na bakin ƙofa shi ne tarkon gaba ɗaya. An haɗa kayan ne daidai yadda zai ci jarrabawar minti biyar. Ƙwayar batir ɗaya tak, ko da tsohuwa ce, ta isa ta kunna allo da tocila ta kuma nuna maka waya tana caji. Lamba 100 ɗin nan ba ta san adadin da aka rubuta a kwali ba. Abin da take cewa shi ne batirin da ke ciki a cike yake, ko da kuwa ɗan mitsitsi ne. Yawan abin da ke ciki ba ya bayyana sai an yi awoyi ana zuƙa, lokacin mai babur ya daɗe da wucewa.

Maƙwabciyata mai sayar da atamfa da turaren wuta ta sayi irinsa. Daren farko ya ɗaga mata waya daga kashi 15 zuwa kashi 60, sai ya mutu. Ta zaci ko bai cika ba ne, ta sake jona shi, washegari ma haka. Ta kira lambar, aka ce ta shanya shi a rana kwana uku "don batirin ya buɗe". Bayan kwana ukun lamba ta daina shiga. Na raka ta wurin wani mai gyaran waya a nan Kubwa, ya sa sukundireba ya ɓalle murfin a gabanmu. Ƙwayoyi shida ne a jere, masu kama da batirin tocila, duk an lulluɓe su da koriyar leda iri ɗaya. Guda ɗaya kaɗai aka jona da wayar lantarki, ita ma da tabon tsohuwar walda a kanta, alamar daga mataccen batirin laftof aka ciro ta. Ya ɗauki ɗaya daga cikin sauran ya girgiza a kusa da kunne, ya sa filaya ya ɓare bakinta, ya zazzage a kan takarda. Yashi ne, irin na gini. Ya dube ta ya ce, "Hajiya, yashi kika saya, batirin kuma gyara aka ba ki." Ta yi dariya, amma irin dariyar da ta fi kuka ciwo.

Yanzu bari mu yi lissafi, don shi ne ba ya karɓar cin hanci. Waɗannan ƙwayoyi sunansu 18650, saboda faɗinsu milimita 18 ne, tsawonsu 65. Mafi kyawunsu da manyan kamfanoni irin su Panasonic, LG da Samsung ke ƙerawa suna ɗaukar kusan 3,500mAh, kuma nauyin kowace ya kusa giram 50. Ke nan kafin a tara 50,000mAh na gaskiya sai an jera kusan 15, nauyinsu kaɗai ya haura giram 700, ba a sa gida da sauran kayan ciki ba. Na 100,000mAh kuwa sai kusan ƙwaya 30, wajen kilo ɗaya da rabi. Fawa bank masu amfani da batir shimfiɗaɗɗe irin na cikin waya ma nauyinsu bai yi nisa da haka ba. Ma'auni mai sauƙi shi ne ledar fiya wata, wadda nauyinta rabin kilo ne: fawa bank na 20,000mAh na gaske bai cika kai nauyin leda ɗaya ba amma ya kusa, na 50,000mAh kuma ya kai leda biyu. To abin da ke shiga aljihun kaftani ba ka ji ba, an rubuta masa 50,000, ba sai an buɗe shi ba. Sai dai a lura, rashin nauyi hujja ce ta jabu, amma nauyi ba hujjar nagarta ba ce. Amfanin yashin ke nan a wurinsu.

Akwai kuma abin da ke sa mutane zargin ko da na kirkin, gara a san shi. Adadin da ake rubutawa da manyan baƙi na ƙwayoyin ciki ne, masu aiki a kan bolt 3.7, alhali abin da ke fita ta bakin USB bolt 5 ne ko fiye. Wurin ɗaga shi ana asarar wani kaso ya tafi a zafi, wurin shiga waya ma a sake yin wata asarar. Shi ya sa fawa bank na 10,000mAh na gaske ke cika wayar da batirinta 5,000mAh ne kusan sau ɗaya da rabi, ba sau biyu ba, na 20,000mAh kuma kusan sau uku. Kamfanonin da suka san abin da suke yi suna rubuta adadin da ke fita na gaskiya da ƙananan baƙi a bayan kayan, wajen 6,000mAh ga na 10,000, tare da ƙarfinsa a ma'aunin Wh, wato wat-awa. Duba nan ma: 10,000mAh daidai yake da 37Wh, 20,000mAh kuma 74Wh. 'Yan jabu sau da yawa ba sa rubuta Wh sam, ko su rubuta abin da ya saɓa wa babbar lambar da ke gaba. Duk wanda ya ce maka nasa zai cika waya sau goma sha biyar, tambaye shi nauyinsa.

Gwajin da ya fi tona asiri shi ne lokacin da yake ɗauka kafin ya cika. Ka zuƙe shi har ya mutu, sannan ka jona shi da caja ta yau da kullum mai wat 10. Na 20,000mAh na gaske sai ya kwashe awa takwas ko fiye. Da caja mai sauri ta wat 18 ma sai ya yi wajen awa biyar. Idan naka "mai 50,000" ya cika da irin wannan caja tsakanin azahar da la'asar, babu komai a cikinsa. Akwai kuma ɗan na'urar awo da ake saƙalawa tsakanin fawa bank da waya tana ƙirga abin da ya fita. Wasu masu gyara suna da ita, ba laifi ka roƙa a auna maka.

Batun sola kuwa abin dariya ne. Gilashin da bai wuce faɗin fuskar waya ba, in ma na gaske ne, da ƙyar yake ba da wat ɗaya zuwa biyu a tsakiyar rana. Cika 74Wh da wannan sai an haɗa awa 40 zuwa 70 na rana mai ƙarfi, wato fiye da mako guda ana shanya. Wani ma gilashin ado ne, ɗan koren fitila kawai yake kunnawa don ka ga kamar ana aiki. Mafi muni, shanyar ita kanta cuta ce. Batirin litiyam ba a son a caza shi a zafin da ya wuce digiri 45, kuma baƙin roba da aka ajiye kan kwano ko gaban gilashin mota a ranar Maris ta Abuja yana wuce haka nesa. Shawarar da suka ba maƙwabciyata ta shanya shi kwana uku, da tsautsayi ya gitta, gobara ce.

Ba tsoratarwa nake yi ba. A watan Janairun 2025 wani jirgin Air Busan ya kama da wuta a filin jirgin Gimhae na Koriya ta Kudu kafin ya tashi. An fitar da kowa da rai, amma jirgin ya ƙone, kuma masu bincike sun karkata ga fawa bank da ke ma'ajiyar kaya ta saman kujeru. A watan Yunin shekarar kamfanin Anker, wanda yana cikin sanannu a duniya, ya janye fiye da miliyan ɗaya na wani samfurinsa a Amurka saboda haɗarin wuta, ƙasar Sin kuma ta hana shiga jiragen cikin gida da fawa bank marar tambarin ingancinta na CCC. Dokar jiragen sama ma ba ta yarda a sa shi cikin akwatin da za a loda a ƙasan jirgi ba, sai a hannu, kuma wanda ya wuce 100Wh, kusan 27,000mAh, sai da izinin kamfanin jirgi. Idan kamfani mai injiniyoyi da adireshi yana iya kuskure har ya kira kayansa su dawo, yaya tsohuwar ƙwayar laftof da aka manna a ɗan allon sarrafa wuta mai araha wanda ba lallai ya yanke wuta idan batir ya cika ba? Kuma wa zai kira ka ya ce ka dawo da shi? Mu kuwa a kan katifa muke jona shi mu yi barci, yara na gefe.

Ko bai kai ga wuta ba, yana iya cinye maka waya. Wutar da ke fita daga irin waɗannan ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai ka ga waya na zafi, allo na taɓa kansa lokacin caji, daga nan sai a ce maka IC ɗin caji, wato ɗan abin da ke sarrafa caji a cikin wayar, ya ƙone. Kuɗin gyaran ya ninka abin da ka ɗauka ka rage.

Wata magana a gefe: da yawa masu neman ƙaton fawa bank, batirin wayarsu ne ya tsufa. Batirin litiyam yana raguwa da amfani; Apple ma ya ce nasa na iPhone 14 zuwa ƙasa an tsara shi ya riƙe kashi 80 bayan cikakken caji 500. Waya ta shekara uku tana mutuwa kafin azahar, canjin batir a wurin amintaccen mai gyara ya fi mata magani. Can ma a kula, akwai batiran da ake liƙa wa takardar ƙarya mai adadin da ya fi na kamfani.

In za ka saya, je shagon da ke da ƙofa da rufi, wanda gobe za ka same shi a inda ka bar shi. Wuse cike take da su, haka ma unguwanni. Ka karɓi rasit mai sunan shago da samfurin kayan, ku yi magana a kan kwana nawa za ka iya dawo da shi, ka kuma gwada shi cikin kwanakin. Wasu kamfanoni suna sa tambarin da ake kankarewa a tabbatar da lamba a shafinsu. Ka rubuta adireshin shafin da hannunka, don 'yan jabu suna buga nasu tambarin mai kai ka shafin da su suka buɗe. Masu talla a cunkoson hanyar Nyanya da tashoshin mota, ba na cewa duk macuta ne, wasu su ma sarowa suka yi ba su sani ba, amma ba inda za ka mayar da kaya.

Wanda aka riga aka cuta ya ɗauki hoton tallan, da lambar wayar, da shaidar tiransifa, tun kafin su goge shafin su buɗe wani da sabon suna. Ya sanar da bankinsa da wuri, ya kai rahoton shafin a Facebook ko TikTok, ya kuma shigar da ƙorafi a FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, wadda hedikwatarta ke nan Abuja. Hukumar SON ce kuma ke da alhakin ingancin kayan da ake shigowa da su. Ba zan ce kuɗi za su dawo ba, da wuya. Amma asusun da ƙorafi ya taru a kansa ya fi saurin jawo bincike.

Shi kuma kayan, kada a sayar wa wani don a rage asara, kada a kai wa 'yan'uwa ƙauye a matsayin tsaraba, kada a ba yara su riƙa wasa da tocilar. Idan ya kumbura, ko yana zafi ba a jona shi ba, ko yana wani wari mai ɗan zaƙi, a daina caza shi nan take, a fitar da shi daga ɗaki a ajiye kan siminti cikin inuwa, nesa da silindar gas da jarkar fetur. Kada a huda shi, kada kuma a jefa shi a bola inda ake cinna wa shara wuta. A kai wa mai gyaran waya ya cire ƙwayar da hannunsa.