Kayan Sallah a Abuja: Banex ko Kasuwar Wuse, ina za ka nufa?

Kusan kowane gida akwai irinsu: ƙanin da ya san ranar fitowar sabuwar Samsung amma bai san ranar komawa makaranta ba, da ƙanwa ko uwargidan da za ta hango leshi daga nesa ta ce maka na bara ne. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne ya haɗa halin biyu. To idan azumi ya raba tsakiya, mai niyyar yi musu kayan sallah sai ya rasa inda zai dosa, Banex Plaza da ke titin Aminu Kano a Wuse 2, ko layin 'yan atamfa a Kasuwar Wuse.

Kafin ka lissafa abin da ke aljihunka, ka lissafa abin da kyautar za ta jawo wa wanda ka ba. Yadi ba ya sawuwa sai an ɗinka, agogon zamani kuma ba ya aiki sai da wayar da ta dace da shi. A nan yawancin kyaututtuka ke lalacewa, a karɓa da murna a yi godiya, sannan a jefa cikin durowa.

Agogon hannu mai haɗuwa da waya shi ne inda son na'ura da son gayu suka haɗu, shi ya sa kowa ke fara tunaninsa. Amma Apple Watch sai da iPhone, idan wayar mutum Tecno ce ko Samsung ka yi asarar kuɗinka. Haka agogunan Samsung, tun daga Galaxy Watch 4 na 2021, ba sa haɗuwa da iPhone. Masu sauƙin kuɗi irin na Oraimo, wanda ɗan gida ɗaya ne da Tecno da Infinix da itel a ƙarƙashin kamfanin Transsion, su ba ruwansu da irin wayarka, kuma batirinsu kan kwana da yawa, alhali na Apple kusan kullum sai an sa shi a caji. Abin da za ka rasa shi ne ingancin awo, da yawan manhajoji. Ga wanda buƙatarsa ita ce ya ga saƙo ya shigo yana cikin taro, ya ƙirga takunsa, agogon kuma ya hau da farar shadda, mai sauƙin ya wadatar. Ka duba kwalin ka ga an rubuta IP68 ko 5ATM, alamar cewa yana jure ruwa, domin hannun da ke alwala sau biyar a rana ba zai yi ta kwance agogo ba. Idan namiji za ka saya wa, ka zaɓi madauri na fata ko na ƙarfe, na roba ya fi kama da na filin motsa jiki, ba ya shiga da babbar riga.

Iyafis marar igiya kyauta ce mai daɗin bayarwa, ƙarama, kwalinta gwanin sha'awa, mata kuma suna sonta don tana ɓuya a ƙarƙashin hijabi ko ɗankwali. Sai dai babu abin da aka fi yi wa jabu kamarta, musamman AirPods. Jabun yanzu har hoton nan da ke tasowa a fuskar iPhone idan an buɗe murfi yana nunawa, wani ma da lambar kaya ta gaske da aka kwafo. Saboda haka idan aka sallama maka a rabin kuɗi, ka san abin da ka saya. Ni dai gara in ba mutum Oraimo ko Soundcore na asali da in ba shi Apple na ƙarya. Kuma ko na asalin ne, batirin cikinsa ɗan mitsitsi ne da ba a saba canzawa ba, bayan 'yan shekaru zai fara gajiya.

Fawa bank ba ta da kwalliya, amma ita ce kyautar da ban taɓa jin an raina ba. Mai tasowa daga Kubwa ko Mararaba da asuba ya koma gida bayan magariba ya san darajarta, haka mai hawa jirgin ƙasa daga tashar Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna don yin sallah a gida. Lambar mAh da ke jikinta, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, ita ce ke ruɗar mutane. Mai 20,000mAh ba za ta cika wayar 5,000mAh sau huɗu ba, domin batirin cikinta a kan bolt 3.7 aka auna shi, sai an ɗaga ƙarfin wutar kafin ta shiga waya, wani kaso kuma ya tafi a zafi. Abin da za a samu bai wuce cikawa biyu da rabi zuwa uku ba. Mai 10,000 kuwa ɗaya da rabi, amma tana shiga jakar hannu ba ta ja kafaɗa. Ka ɗaga ta a hannu tun a shago: ta gaske mai 20,000 tana kai giram 400 ko kusa da haka, wadda aka rubuta wa 50,000 kuma ka ji ta sakayau, ajiye musu abarsu. Idan mutumin mai yawan hawa jirgin sama ne, kada ka wuce 27,000mAh, nan ne iyakar 100Wh, wato ƙarfin batirin da ake bari a shiga da ita ba sai an nemi izini ba, kuma a jakar hannu, ba a cikin akwatin da ake aunawa ba.

Ka kuma leƙa bakin cajin wayarsa. iPhone 15 ta 2023 da na bayanta USB-C ne, na kafinta kuma Lightning. Tun daga iPhone 12 a 2020 Apple ya daina sa kan caja a kwali, Samsung ya bi sahu a manyan wayoyinsa a 2021, don haka caja ta asali mai saurin cikawa ba ƙaramar kyauta ba ce.

Wayar kanta fa? Idan da hali, sabuwa a kwali da rasit. Idan 'yar Landan ce, a danna *#06# a gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da wadda ke jikin kwali ko wayar, a duba lafiyar batir, a tabbatar an cire iCloud, wato asusun Apple, na tsohon mai ita a gabanka. iPhone ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 14 ba ta da gurbin sim, sai eSIM, wato sim ɗin da ake saukewa a cikin wayar ba tare da kati ba. Kuma ka shiga shago da ƙafarka, kada ka biye wa masu tare mutum tun daga bakin ƙofa suna "Alhaji, me ake nema?"

A ɓangaren sutura lissafin daban ne. Na'ura tana tsufa ko ba a taɓa ta ba, turmin atamfa mai kyau kuwa zai shekara biyar a akwati ya fito da darajarsa. Super da Holan na kamfanin Vlisco ne da ke Helmond a ƙasar Holan tun 1846, sunansu da lambar zanen suna bakin yadin, launin kuma ya ratsa gaba da baya. Shadda Getzner daga Bludenz take a ƙasar Ostiriya, ita ce masu gayu ke kira da suna, ga kuma galila 'yar Mali ga mai son rini. Turmi yadi shida ne, leshi biyar, kaftani da wando na babban mutum yadi huɗu zuwa biyar, babbar riga da 'yar ciki da wando kuwa sai goma. Amma duk wannan a hannun tela yake. Bayan goma ga azumi yawancin teloli masu kyau sun rufe karɓar ɗinki, wanda ya karɓa kuma "gobe in sha Allah" za ka yi ta sha har daren sallah. Kuɗin aikin wuya na shadda mai kyau wani lokaci yakan kusa kamo kuɗin yadin. Idan za ka ba ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci shadda, ka haɗa masa da kuɗin ɗinki, in ba haka ba ka ɗora masa nauyi ne kawai. Ga Hajiya ko surukai kuwa yadi ba ya taɓa zama kuskure, ko bai samu shiga wannan sallar ba zai shiga ta layya.

Idan lokaci ya ƙure, a koma ga abin da ba ya buƙatar tela. Abaya da mayafi, tsawo kawai za ka sani. Hula Zanna Bukar ko 'yar Bama aikin hannu ce, ana gane ta da ƙanƙantar saƙa da yadda zaren ya kwanta ta ciki, amma sai da lambar kai, 22 ce ko 22 da rabi ko 23. Ka ɗauki tsohuwar hularsa a ɓoye ka je da ita. Takalmi ban cika ba da shawararsa ba sai in tare za ku je. Turare ma akwai haɗari, ƙamshin da ya yi maka daɗi wani kansa zai sara, sai dai humra da turaren wuta na Maiduguri, da wuya ka ga matar da ta mayar da su. Mai ƙarfin aljihu ya sayi ɗan kunnen zinari, a auna masa giram a rubuta karat a rasit. Wannan na mata ne kaɗai, ko agogo za ka saya wa namiji musulmi kada ya zama na zinari.

Da ni ne, ga saurayin da ya haɗa son waya da gayu, in azumi ya yi nisa, hula mai kyau da fawa bank mai 20,000 zan haɗa masa. Ga budurwa ko ƙanwa, abaya da iyafis na asali. Shadda da atamfa kuwa tun a watan Sha'aban ake sayensu, a kai wa tela kafin a ga wata.