Ƙasidar amsoshin fiziks ta shagunan fotokwafi: sashen gangara ya ɓata mata suna

Duk ɗan aji ɗaya mai karatun injiniyanci ko kimiyya a Sakkwato ya san ƙasidar nan mai koren bango da masu fotokwafi ke sayarwa, wadda aka tara tambayoyin fiziks da makaniks a cikinta tare da amsoshinsu. Babu sunan marubuci a jikinta, kuma ba wata makaranta ce ta fitar da ita ba, amma yaranmu na jami'a da na poli duk ita suke rungume da ita in an ba su jinga. Na saya wa ƙanena, na kuma bi ta tambaya bayan tambaya da biro da kalkuleta kafin in miƙa masa.

Farkonta ya burge ni. Tambayar mota mai gudun kilomita 72 a awa da ta taka birki ta tsaya cikin mita 40, an fara da mayar da gudun zuwa mita 20 a daƙiƙa, ta hanyar rabawa da 3.6, sannan aka fitar da raguwar gudu 5 m/s² da alamar ragi a gabanta. Nan ne yawancin ɗalibai ke zuba 72 kai tsaye cikin lissafi, amsa ta fito shirme. Na ce lallai wanda ya rubuta wannan ya taɓa riƙe alli.

Sai na iso sashen gangara, raina ya ɓaci. Tambayar ita ce: akwati mai kilogiram 10 yana zamewa a kan katako da aka jingina da kusurwar digiri 30, ma'aunin gogayya tsakaninsu 0.2, a nemo yadda gudunsa ke ƙaruwa. Nauyin akwatin 98 N ne (N na nufin niyuton, ma'aunin ƙarfi) in an ɗauki g, wato ƙaruwar gudun abin da ke faɗowa ƙasa, a 9.8. Wanga nauyi kashi biyu ake raba shi. Kashin da ke jan akwatin ƙasa a bisa tsawon katakon shi ne 98 sau sin 30, wato 49 N. Kashin da ke danna akwatin a jikin katakon shi ne 98 sau cos 30, wato 84.87 N, kuma da irin wannan ƙarfin ne katakon ke tokare shi. Gogayya da wannan dannawar take tafiya, saboda haka 0.2 sau 84.87 ya ba da 16.97 N. A cire daga 49, saura 32.03 N, a raba da kilogiram 10 bisa dokar Newton ta biyu, wadda ta ce ƙarfi a raba da kilogiram ke ba da ƙaruwar gudu, amsa 3.20 m/s².

Ƙasidar me ta yi? Ta ɗauki dannawar a matsayin nauyin gaba ɗaya, 98 N, sai ka ce akwatin a kan shimfiɗaɗɗen tebur yake. Gogayya ta zama 19.6 N, saura 29.4, amsa 2.94 m/s², har da ja mata layi biyu a ƙasa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kusancin lambobin. Yaron da ya yi aikinsa daidai ya samu 3.20, ya duba ya ga 2.94, zai ɗauka shi ne ya yi kuskure, ya goge gaskiya ya kwafi ɓata. Kuma ba a nan ta tsaya ba. Tambaya ta gaba ta nemi gudun akwatin bayan ya zame mita 5, aka ɗauko 2.94 ɗin nan aka ci gaba da shi, aka samu 5.42 m/s maimakon 5.66. Da kusurwa ta kai digiri 60, tazarar ta buɗe sosai: ainihin amsa 7.51, tata 6.53. Wannan ba zamewar alƙalami ba ce, domin duk tambayar gangara mai gogayya haka aka yi mata, kuma ko ɗaya ba a zana akwatin da kibiyoyin ƙarfin da ke kansa ba. Da an zana, da kuskuren ya fito fili tun a kibiya ta biyu.

Ƙannena, ga gwajin da zai kama irin wannan cikin minti ɗaya. Ku miƙar da katakon tsaye cak, digiri 90. Akwatin ba ya danna komai, babu gogayya, faɗuwa kawai zai yi da 9.8 m/s². Lissafi na gaskiya, g sau (sin θ a cire μ cos θ), inda θ ke nufin kusurwa, μ kuma ma'aunin gogayya, yana ba da 9.8 daidai, tunda cos 90 sifili ne. Na ƙasidar yana ba da 7.84. Lissafin da ya faɗi a digiri 90 ba a yarda da shi a digiri 30.

Na so in ajiye ta daga nan, amma sashen lantarki ya ɗan huce mini. Rezista mai om 6 da mai om 3 a haɗe gefe da gefe sun koma om 2, a jere da mai om 4 jimla om 6, batir mai bolt 12 ya tura amfiya 2, aka kuma nuna yadda ta rabu: 1.33 ta bi mai om 3, 0.67 ta bi mai om 6. An sake zana haɗin wayoyin a kowane mataki, an gwada amsar da dokar Kirchhoff a mahaɗa, wadda ta ce wutar da ta shiga mahaɗa daidai take da wadda ta fita. Haka ma tambayar bim, wato ƙarfen da aka gitta a kan ginshiƙai biyu, mai mita 6 da aka ɗora wa kaya 12 kN (kN ɗaya niyuton dubu ne) a mita 2 daga ginshiƙin hagu: 8 kN a hagu, 4 kN a dama, an tabbatar jimlarsu 12. Aiki tsaf. Da alama ba hannu ɗaya ya rubuta wagga ƙasida ba, tattaro ta aka yi daga wurare dabam-dabam aka ɗinke.

To amma ko a sashen mai kyau, bugun ya cuce shi. Kwafin kwafi ne, tawada ta kwashe. Cajin ilektiron, 1.6 × 10⁻¹⁹ C, alamar ragin da ke saman ta ɓace a shafuka da dama, haka ma 10⁻⁶ na maikirofarad. Ɗalibin da bai haddace ba zai danna 10¹⁹, amsarsa ta tashi sama ba iyaka. Na koma shagon na nuna, mai injin ya ce, "Malam, haka asalin yake." Na yarda ba shi ya rubuta ba, amma ai shi ke karɓar kuɗin yara.

Sannan ga batun g. Wani shafin 10, irin na jarabawar WAEC, wani 9.8, wani 9.81, ba tare da an faɗa a saman tambaya ba, sai ka bi lissafi baya kafin ka gane wanne aka ɗauka. Ko kalma ɗaya kuma babu a kan saitin kalkuleta, alhali rabin kukan ɗalibai a sashen kusurwa daga nan yake. Kafin ka fara, danna sin 30. In ka ga 0.5, tana kan digiri. In ka ga −0.988, tana kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban, ka gyara.

Wanda ya riga ya saya, ya yi amfani da sashen motsi a miƙe, na lantarki da na bim, ya bi lambobin saman 10 da biro ya mayar da alamomin ragi da suka ɓace. Shafukan gangara kuwa a ja musu layi daga sama har ƙasa, a sake kowace tambaya da zanen kibiyoyi da cos θ a gurbinsa, a kai wa malamin darasin ya duba kafin ranar miƙa jinga. Wanda bai saya ba, ban ba shi shawarar saye ba sai an gyara wannan sashen an kuma sake bugawa daga tsabtataccen asali.