Lee Perfect ko RCBS Uniflow: wane ma'aunin albarushi za ka fara da shi?

Ƙanena, ka ce ka sayi injin matse kwanso, kana son fara ɗura harsashinka da kanka, .308 na doguwar bindiga don farautar barewa da 9mm na fistol don filin gwajin harbi, kuma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin Lee Perfect da RCBS Uniflow, ko kuwa ka daure ka sayi mai lantarki gaba ɗaya. Na yi aiki da biyun farko shekaru da dama a nan Amurka, don haka ga abin da na gani.

Ka fara riƙe wannan: duk biyun mudu ne. Wani rami ne a jikin ganga, albarushi ya gangaro daga mazubi ya cika shi, ka juya mariƙi ya zube cikin kwanso. Cikar rami suke aunawa, alhali littafin ɗuri, mai faɗin yawan albarushin da kowane harsashi ke ci, da nauyi yake magana, da giren, wanda 7,000 nasa ke yin fam ɗaya, wato giram ɗaya ya ɗan haura giren 15. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai awo ya san mudun gero da mudun gyada mai ɓawo ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ko geron ne, wanda aka girgiza ya fi wanda aka zuba a hankali. To haka albarushi yake. Shi ya sa ba za a iya cewa wannan na'ura ta fi waccan ba sai an san irin ƙwayar da za ka riƙa zuba mata.

Ƙwayar kuwa iri uku ce. Akwai mai ƙananan ƙwallaye kamar acca, irin su H335 da Winchester 231, mai gangarowa kamar ruwa. Akwai mai faɗi kamar dusa, irin su Unique, wanda ba ya kwanciya iri ɗaya a kowane zubi. Sai mai sanduna kamar gutsattsarin taliya, irin su Varget da IMR 4064, kuma a nan yawancin masu .308 suke.

RCBS kamfani ne da Fred Huntington ya kafa a Oroville ta jihar Kalifoniya a 1943, kuma Uniflow tana cikin kayansu da suka fi daɗewa a kasuwa. Ƙarfe ce, ganga da gida duka, tana da nauyi a hannu, irin kayan da uba yake barin wa ɗa. Da albarushi mai ƙwallaye ba ta da matsala, gangar ta zauna daram a gidanta, ba inda ƙwaya za ta sulale. Idan ka zuba mata mai sanduna kuwa, sai ka ji mariƙin ya cije a tsakiyar juyi, ka ƙara ƙarfi, ƙaras, bakin ganga ya datse sanda. Datsewar kanta ba ta lalata harsashi. Illar tana cikin girgizar da na'urar ta yi a lokacin, don ta daddage albarushin da ke mazubi, zubi na gaba sai ya fito da ɗan bambanci. Wani abin lura shi ne samfurin da aka daɗe ana sayarwa yana da ganga iri biyu, babba don doguwar bindiga, ƙarama don fistol. Idan ta hannu za ka saya, ka tambayi wacce ke ciki, don auna ɗan abin da 9mm ke ci da babbar ganga kamar auna gishirin miya ne da tiya.

Lee Precision kuma Richard Lee ne ya fara shi a 1958, suna Hartford ta jihar Wiskonsin, kuma an san su da araha. Perfect roba ce kusan dukanta, ranar da ka fara ɗaga ta za ka ce abin wasan yara ne. Kada wannan ya ruɗe ka. A bakin raminta akwai wata 'yar roba mai laushi da ke share sandar albarushi gefe maimakon ta yanke ta, don haka mariƙin yana tafiya sumul da Varget, kuma ni a wannan fage na fi jin daɗinta a kan na ƙarfe. Mazubinta ma ana murɗa shi ya rufe, ka cire shi da albarushin a ciki ka mayar gwangwani ba tare da ka kwance komai ba. Rauninta sananne ne: mai ƙananan ƙwallaye yakan tsiyayo ta gefen ganga ya ɓata tebur, idan ka ƙara ɗaure kusar kuma mariƙin ya yi tauri. Sabuwa kuma ƙwayoyi sukan manne a jikin robar, sai ta sha zubi da yawa baƙin garin da ke jikin albarushi ya shafe cikinta kafin ta daidaita. Alamomin da ke jikin sandar saitinta na faɗin rami ne, kada ka karanta su a matsayin giren.

Kuɗin Uniflow ɗaya zai saya maka Lee kamar uku.

Yanzu ka dubi harsasanka biyu. Abin da .308 ke ci ya ninka na 9mm kusan sau goma. Kuskuren giren 0.2 a cikin babban kwanso ɗan ƙaramin kaso ne, barewar da ke yadi 100 ba za ta san da shi ba. Wannan kuskuren a cikin 9mm babban kaso ne, ga kwanson ƙarami, ga albarushin fistol mai saurin ci, kuma tazarar da littafi ya bayar tsakanin mafari da iyaka 'yar kaɗan ce. Mutane sukan ɗauka doguwar bindiga ce ke buƙatar ma'auni mai tsada, ni kuwa a fistol na fi tsoron sakaci. Harsashin farauta 20 ko 40 za ka yi a shekara, kana iya saita na'urar ta zubo ƙasa kaɗan da abin da kake so, ka ɗora a sikeli, ka cike ragowar da 'yar na'urar ɗigo da ake murzawa ƙwaya-ƙwaya. Na 9mm kuwa ɗaruruwa ne, ba mai auna kowanne, dole ka dogara da gangar.

Don haka hukuncina a kanka shi ne: idan 9mm ne zai fi cin lokacinka, ɗauki Uniflow mai ƙaramar ganga, ka zaɓi albarushi mai ƙwallaye daga cikin waɗanda littafinka ya lissafa. Idan .308 ne gaba, fistol jefi-jefi, ɗauki Lee, ragowar kuɗin ka zuba a sikeli mai kyau da duwatsun gwada shi. Wanda ya sayi ma'auni mai tsada ya haɗa da sikelin banza, ya gina ɗaki ne babu tushe.

Mai lantarki irin RCBS ChargeMaster wani abu ne daban, don shi da nauyi yake aiki. Ka danna adadi, ya murzo albarushi cikin faranti har sikelinsa ya kai, daidaitonsa wajen giren 0.1, kuma siffar ƙwaya ba ta dame shi sosai ba. Ga mai gwada ɗuri iri-iri na doguwar bindiga, ni'ima ce. Sai dai ɗaruruwan daloli ne, yana son a kunna shi ya ɗumama kafin aiki, iskar fanka ko ta na'urar sanyaya ɗaki tana kaɗa lissafinsa, kuma jiran kowane zubi zai gundure ka idan 9mm 300 ne a gabanka. Ka bar shi sai ka shekara kana yi. Hornady Lock-N-Load da Redding 3BR dangin Uniflow ne, gangar ƙarfe, ta farko da saurin sauya sandar saiti, ta biyu da maikuromita, wato kusar saiti mai lambobi, mai komawa daidai inda ka bar shi.

Kowacce ka saya, hannunka rabin na'urar ne. Ka wanke man da aka shafa wa ta ƙarfe daga masana'anta, ta bushe sarai. Ka kafe ta a tebur mara rawa. Kada mazubi ya sauka ƙasa da rabi, ko ka sa masa 'yar farantin nan mai lanƙwasa da ke rage nauyin da ke danna rami. Juyin mariƙi ya zama iri ɗaya kullum, in kana ƙwanƙwasawa sau ɗaya a sama, to kowane zubi sau ɗaya. Ka mayar da zubi goman farko cikin mazubi, sannan ka auna goma a jere ka ga tazararsu, bayan haka ka riƙa duba ɗaya cikin kowane goma. Kafin ka ɗora wa kowane kwanso kan harsashinsa, ka jera kwansunan ka haska su da tocila: wanda ya sha zubi biyu da wanda bai samu komai ba duk ido yana kama su, kuma kowannensu yana iya fasa bindiga, na biyun ta hanyar barin harsashi maƙale a bututu.

Ni kaina na taɓa barin albarushi a mazubi na yi tafiya, na dawo bayan makonni ga gwangwani biyu a tebur, na kasa rantsuwa kan wanne na zuba. Haka na yi asarar sa duka, robar mazubin ma ta dafe. Tun ranar gwangwani ɗaya tak ke hawa teburina, kuma ina juye mazubi kafin in kashe fitila.

Waɗannan na'urori na albarushin zamani mara hayaƙi ne. Baƙin albarushi irin na bindigar toka yana da nasa ma'aunin na tagulla ko alminiyom saboda gudun tartsatsi, kada ka kusantar da shi nan. 'Yan'uwa da ke karantawa daga gida kuma su sani dokar Amurka ce ta yarda mutum ya ɗura don amfanin kansa, sayarwa sai da lasisi, a Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba da izinin hukuma ba. Kai ma, idan da biza kake zaune ba da katin zama na dindindin ba, ka tabbatar da matsayinka a dokar tarayya da ta jiharka kafin ka sayi gwangwanin farko.